Yadda za ka nuna ma jama'a kayan da ke bayan tokin ɗinka, buhu bayan buhu

Bayan la'asar ne ɗan yayata ya taho gida nan Birnin Kebbi shi da abokansa biyu da laftof a hannu, wai Kawu muna son ka duba wani abu ka ba mu shawara. Abin da sunka shirya shi ne su tara kuɗin mutane su sayi shanshera lokacin kaka tana araha wajen Argungu da Suru, su zuba sito, sannan su buga tokin a bulokcen, wato littafin lissafi na intanet da kowa ke iya dubawa, kowane tokin guda a matsayin buhu guda, wanda ya saya ko yana Kano ko Legas ya zama mai buhu, in farashi ya tashi a sayar a raba. Ya juyo min da laftof ɗin ya ce Kawu dubi, komai na nan rubuce ba mai iya gogewa. Na ce mishi ɗana rubutu kam na gani, to ina shinkafar? Wanda ke Legas ta yaya zai san akwai ta, kuma ta yaya zai san ba a riga an jinginar ma wani ita ba? Sai sunka dubi juna.

Na yi shekaru ina riƙe da littafin sito na 'yan kasuwar hatsi kafin in fara bin harkar kirifto, shi ya sa abin ya tsaya min a rai, don ina son yaran nan su ci nasara, kuma ba na son a ƙara cin kuɗin talaka da sunan fasaha. Mutanenmu sun sha wuya a hannun MMM a 2016, sun sake sha a hannun CBEX a watan Afrilun 2025, dukansu tsare-tsaren zuba kuɗi ne da sunka rushe da kuɗin jama'a, kuma wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu yake. Duk wanda zai fito da tokin yau ya ce akwai kaya a bayansa, nauyin nuna kayan yana wuyansa.

A fara da gane mi ne tokin ɗin. Takardar ajiya ce, irin wadda mai sito zai rubuta maka a kasuwar Jega cewa kana da buhu 20 a wurinsa, sai dai ita wannan a bulokcen take ana iya tura ta daga walet zuwa walet, wato asusun da ake ajiye tokin a ciki. Bulokcen ba ya da ido ba ya da hanci, abin da mutum ya shigar mishi shi yake riƙewa, in ƙarya anka shigar to ƙaryar zai riƙe da kyau. Manyan duniya na yin harkar nan, kamfanin Paxos ya fito da PAXG a 2019 kowane tokin oza ɗaya na zinari wato giram 31.1 a ma'ajiyar Landan, BlackRock kuma ya fito da BUIDL a watan Maris 2024 wanda bayansa takardun bashin gwamnatin Amurka ne da tsabar kuɗi. Su ma duk da girmansu sai sun nuna kaya ake yarda da su, balle mu.

Mataki na farko, zauna ka rubuta a jimla ɗaya mi mai tokin ya mallaka, jimlar da in ka karanta ma tsohuwa a ƙauye za ta gane. Abu uku ne ake cakuɗawa a nan. Ko dai ya mallaki wani buhu takamaimai mai lamba, ko ya mallaki kaso cikin tarin shinkafa baki ɗaya, ko kuma bashi ya ba ku shinkafar tana matsayin jingina. Ukun nan ranar lafiya kamar ɗaya suke, ranar da kamfani ya durƙushe ne ake ganin bambanci, don mai mallaka kayansa zai ɗauka ya tafi, mai bin bashi kuwa layi zai shiga da sauran masu bin bashi. Kada ka rubuta mallaka a talla alhali a takardar lauya bashi ne. Kuma ga mu musulmi maganar ta wuce doka, hadisin Hakimu ɗan Hizamu ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa, don haka ba a buga tokin yau a ce shinkafar sai wata mai zuwa za a sayo, in kuma cinikin salam kuke nufi, wato a biya kuɗi yanzu a kawo kaya daga baya, to ku kira shi da sunansa ku cika sharuɗɗansa. In zinari ne abin ya ƙara tsanani tunda shi hannu da hannu ne, hukumar AAOIFI mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci ta fitar da ƙa'ida mai lamba 57 kan cinikin zinari a 2016, ku kai ma malamin da ya san mu'amalat ya duba muku tsarinku da ita kafin ku karɓi ko sisi.

A cikin jimlar nan ka daina cewa buhu kawai. Buhun Kamba daban, na Yauri daban, akwai mai ɗinki a baki akwai mai hula, kowa ya san haka. Ka ce kilo kaza na shanshera iri kaza, misali Faro 44, girbin rani ko na damina na shekara kaza, laima ba ta wuce kashi 14 cikin 100 ba. Kashi 14 ɗin nan shi ne iyakar da shanshera ke zama lafiya a ajiya, in ta wuce sai ta fara zafi tana canza launi.

Na biyu ka raba kayan jama'a da naka tun a takarda. Shinkafar kada ta zauna da sunanka ko sunan kamfanin da kuke biyan albashi da haya daga asusunsa. A samu amintacce mai rajista wanda aikinsa ke nan ya riƙe kayan da sunan masu tokin, lauya ya rubuta yarjejeniyar amana, ku kuma ku wallafa ta dukanta mutane su karanta, tare da lambar rajistarku ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da sunayen daraktoci. Abin da ya kashe kasuwar kirifto ta FTX a Nuwamban 2022 ke nan, kuɗin masu ajiya sunka gauraya da na wani kamfaninsu Alameda, da anka zo karɓa babu. Sannan ku je SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari a Najeriya, kafin ku sayar ma kowa. Tun watan Mayun 2022 hukumar ta fitar da ƙa'idojin fitar da kadarorin dijital da ajiye su, kuma dokar zuba jari ta 2025 da Shugaba Tinubu ya sa ma hannu a watan Maris ta sanya su ƙarara ƙarƙashin SEC, ta kuma tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu tsarin Ponzi, wato biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi. Duk matsayin da kuke a SEC ku faɗe shi yadda yake, in takarda kunka miƙa ba a amsa ba tukuna ku ce mun miƙa, kada ku ce an ba mu lasisi. Kuma rajistar CAC ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce, da yawa da wannan takardar ake yaudarar mutanenmu.

Masu tunanin fili ko gida su lura, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, ba a sauya mai takardar C of O sai da amincewarsa, don haka tura tokin daga waya zuwa waya bai sauya mai fili ba. Abin da mai tokin ke da shi haƙƙi ne a kan wanda ke riƙe da takardar, sai a faɗa mishi haka. 'Yan uwanmu na Zamfara da Yauri masu tunanin zinari kuma, ma'adinai na gwamnatin tarayya ne a dokar 2007, sai ku nuna lasisin wanda ya haƙo da na wanda ya saya da inda anka tace. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara daga Afrilun 2019 har Disamban 2024, duk mai hankali zai tambaye ku zinarin nan na yaushe ne kuma daga wane rami, ku tanadi amsa a rubuce.

Na uku shi ne mai ajiya, kuma kada ya zama kai ne ko ƙanenka ko surukinka. Mai sito daban mai buga tokin daban, mai siton ne zai ba da rasit duk kayan da sunka shiga, kuma ba ya buɗe ƙofa da maganarka kai kaɗai. Ka faɗi sunansa a fili. Wasu na ganin wannan ƙaramin abu ne, to a watan Maris 2023 da bankin Silicon Valley ya rushe a Amurka kamfanin Circle ya fito ya ce dala biliyan 3.3 na kuɗin da ke bayan tokin ɗinsa USDC suna cikin bankin, tokin da ya kamata ya zama dala ɗaya ya faɗo ƙasa da santi 90 kafin ya farfaɗo. Ka ga lafiyar tokin na rataye da lafiyar mai ajiya, don haka mai saye na da haƙƙin sanin ko wane ne.

Na san abin da za ku ce, don yaran ma sun faɗa min, Kawu a halin tsaron da muke ciki mu rubuta a intanet ga inda dukiya take? Gaskiyarsu. Ba mai hankalin da zai wallafa adireshin ma'ajiyar zinari a yankinmu, ko sito cike da abinci a bakin daji. Yadda za a yi, a bainar jama'a ku faɗi sunan mai ajiya da garin, cikakken adireshi kuma ku ba amintacce da odita da hukuma, sannan ku buɗe hanyar da mai tokin da ya tabbatar da kansa zai nemi rana a kai shi ya gani da idonsa. Zinari kam shawarata kada ya kwana a wurinku sam, a kai shi ma'ajiyar da aikinta ke nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fake da tsaro a hana kowa gani, wannan cinikin biri a sama ne.

Yanzu ga inda aikin yake, mataki na huɗu, ƙirga kaya, kuma a nan zan daɗe. Kowane tari a sito ya samu lamba da kati rataye, ranar shiga, daga ina, buhu nawa, kilo nawa a sikeli, laima nawa, wa ya karɓa. Wannan littafin shi za ku wallafa, tari bayan tari, ba jimillar ƙarshe kaɗai ba. Masu PAXG haka suke yi, in ka sa adireshin walet ɗinka a shafinsu za su nuna maka lambar sandar zinarin da kasonka ke ciki da nauyinta da tsabtarta. Ku ma mai tokin ya iya cewa nawa na cikin tari na 7 a sito na biyu.

Wata shekara wani Alhaji da nake ma aiki ya aike ni in ƙirgo mishi kaya a wani sito da anka ba shi jingina. Na isa da safe, mai sito ya tarbe ni hannu biyu har da fura, ya buɗe ƙofa, ga tari ya kai kusan rufin kwano an jera shi tsaf gwanin sha'awa. Na ƙirga tsawo na ƙirga faɗi na ƙirga hawa na buga, lissafi ya fito daidai da takarda ba ragi. Har na fara rubutu sai na lura tarin manne yake da bango ta gefe biyu ba hanyar zagayawa, na ce a kawo min tsani. Mai sito ya ce haba Malam ai ka ga komai, ga zafi ga ƙura. Na ce a dai kawo. Da na hau na ɗaga buhu biyu na sama sai ƙafata ta zurma, ashe katako anka shimfiɗa, cikin tarin rami ne mutum zai tsaya tsaye a ciki. Na sauko jikina na rawa don da na sa hannu a takardar nan ni ma na shiga ciki. Da na koma na ce Alhaji ranka ya daɗe kayan ba su cika ba, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce Allah ya yi maka albarka ɗana. Tun ranar ba na karɓar tarin da ba a bar hanyar da mutum zai zagaya shi ta gefe huɗu ba, kuma sai na hau sama.

Kada ka ce wannan halin namu ne na nan. A 1963 a Amurka wani ɗan kasuwa Tino De Angelis ya ci bashin miliyoyin daloli da takardun ajiyar man girki, tankunan kuwa ruwa ne cike an zuba mai kaɗan a sama, mai dubawa ya tsoma sanda ya ga mai ya sa hannu. A 2020 a birnin Wuhan na Sin an gano wasu daga cikin sandunan zinarin da kamfanin Kingold ya ba da jingina tagulla ce anka shafa ma ruwan zinari, kuma jimillar abin da ya jinginar tan 83 ne. A Maris 2023 kasuwar ƙarafa ta Landan ta sanar cewa buhunan da ake ɗauka nikel ne a wani sito a Rotadam duwatsu ne a ciki, tan 54. A ido duk takardunsu kamar lafiya lau suke. Saboda haka ƙirga kaɗai bai isa ba sai an buɗe. A shanshera mai dubawa shi zai nuna buhun da yake so, daga tsakiya da ƙasa ba na baki ba, a ciro a ɗora a sikeli, a huda da ƙarfen ɗibar samfur a ga ko akwai ƙaiƙayi ko yashi ko tsakuwa, a sa na'urar auna laima a rubuta. A zinari kuma ƙaramar na'urar nan da ake haskawa fatar sama kawai take karantawa, nauyi ma na iya yaudara don ƙarfen tungustin kusan nauyinsu ɗaya da zinari, sai an haɗa da na'urar sauti mai ratsa ciki ko a huda ko a narka samfur. Sakamakon gwajin shi ma ku wallafa, da kwanan wata da sunan wanda ya yi.

Mataki na biyar mutane sun fi mantawa da shi, alhali kaya na iya kasancewa a sito cif amma ba naku ba ne ku kaɗai. A 2014 a tashar ruwan Cindawo ta Sin an gano ƙarfe ɗaya anka yi ta ba bankuna daban-daban jingina kowane banki na ganin nasa ne. Mu a Najeriya muna da rajistar jingina ta ƙasa da Babban Banki ya buɗe a 2016, dokar 2017 kan jinginar kadarori masu motsi ta ƙarfafa ta, ana shiga ta intanet a bincika ko wani ya riga ya yi rajistar haƙƙinsa a kan kayan mutum ko kamfani. Ku yi binciken da sunan kamfaninku da na wanda ya sayar muku da na mai sito, ku wallafa sakamakon, lauya ya duba CAC ko akwai bashin da anka ɗora ma kadarorin kamfani, sannan in tsarinku na jingina ne amintacce ya yi rajistar haƙƙin masu tokin don ya riga kowa. Kuma ku lissafo ƙananan basussukan da ba sa shiga rajista, kuɗin hayar sito da ba a biya ba, manoman da anka karɓi kayansu da alkawarin sai an sayar, kuɗin 'yan dako da mai tirela. Nuna dukiya ba tare da nuna bashin da ke kanta ba rabin magana ne.

Na shida a kawo na waje ya duba, akanta mai rajista da ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin akantocin Najeriya, wanda zai sa sunansa da lambarsa a takarda, tare da wanda ya san hatsi ko zinari don akanta bai san shanshera mai laima ba. A nan ku gane takarda iri biyu ce. Akwai ta tabbatarwa wadda ke cewa ranar kaza ƙarfe kaza mun ga kaya kaza, akwai cikakken odit da ke bin littattafan shekara duka shiga da fita da bashi. Ta farkon hoto ce ta rana ɗaya, kuma kowa ya san ana iya aron buhu wurin maƙwabci ranar da baƙi za su zo a mayar washegari. Ko kamfanin Tether da ke da USDT, tokin mai bin dala, an kama shi da irin wannan, ofishin babban lauyan jihar Niyok ya ce a 2017 da safiyar ranar da za a duba anka zuba kuɗin a asusu, sunka sasanta a kan dala miliyan 18.5 a Fabrairun 2021 da sharaɗin fitar da rahoto duk wata uku, sannan a Oktoban shekarar hukumar CFTC ta gwamnatin Amurka ta ci su tarar dala miliyan 41 ta ce a wata 26 da ta duba tsakanin 2016 da 2018 kashi 27.6 cikin 100 na kwanakin ne kawai suke da isassun tsabar kuɗi a ajiye. To ku rubuta a yarjejeniya cewa mai dubawa na da ikon zuwa ba sanarwa, in sito ya fi ɗaya a ƙirga su rana ɗaya don kada a yi jigila tsakaninsu, kuma rahotonsa ya tafi ga amintacce kai tsaye ba sai ya biyo ta hannunku ba. Wanda ya ce ba ya son zuwan ba-zata, ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sai a zo kan laftof ɗin ɗana, mataki na bakwai, haɗa sito da bulokcen. Ku wallafa adireshin kwantiragin tokin, wato manhajar da ke tafiyar da tokin ɗin a bulokcen, kowa ya shiga shafin duba bulokcen na Etherscan ko makamancinsa ya ga jimillar tokin da ke yawo, in kun buga a bulokcen fiye da ɗaya ku lissafo duka ku haɗa. Lamba biyu za ku riƙa ajewa gefe da gefe kullum, tokin nawa ke waje, kilo nawa ke sito. Tambaya mafi nauyi ita ce wa ke riƙe da makullin buga sabon tokin, don in mutum ɗaya ne to da dare ɗaya zai iya buga dubu ya sayar ba ko ƙwaya a bayansu. A yi walet mai sa hannun mutum da yawa, misali biyu cikin uku, ku da amintacce da mai ajiya, ba a bugawa sai rasit na shigar kaya ya fito, kuma ba buhun da zai fita sai an ƙona tokin ɗinsa. In kwantiragin na ba ku ikon daskarar da walet ɗin wani ko sauya dokokinsa daga baya ku faɗa tun farko. Kowane rahoto kuma ku ciro hash ɗinsa, wato jerin haruffa da lambobin da kwamfuta ke fitarwa wanda ko ɗigo anka sauya a takardar sai ya canza, ku rubuta shi a bulokcen, ta haka ba mai komawa ya gyara rahoton bara a ɓoye. Akwai irin su Chainlink masu ɗauko adadin ajiya su kai bulokcen har kwantiragi ya ƙi buga tokin in kaya ba su kai ba, abu ne mai kyau, amma ɗan aike ne, lambar da anka ba shi ita zai kai, wanda ya hau tsani shi ne tushe.

Na takwas ku faɗi gaskiya kan raguwa, don hatsi ba zinari ba ne, yana rayuwa yana mutuwa. A ce kun sayi kilo 100 tana da laima kashi 20, in ta bushe ta dawo kashi 14 abin da zai rage kilo 93 ne da ɗan kai, ba wanda ya saci komai ruwa ne ya fita. In kun buga tokin a kan kilo 100 kun riga kun shiga giɓi tun kafin ɓera da ƙwari su karɓi nasu. Don haka a busar a auna sannan a buga, kuma a bar rara a sito wadda ba a buga mata tokin ba, ku faɗi nawa ce rarar kuma wa zai cike in asara ta cinye ta. Ku nuna takardar inshora ko takaful, mi ta rufe mi ba ta rufe ba, gobara, sata, ambaliya. Duk wanda ya ga ruwan 2020 a Kebbi yadda ya shafe fadamun shinkafa ba zai yarda da sito a kwari ba tare da ya ji maganar ambaliya ba. Farashin da kuke nunawa a shafi ma ku faɗi daga ina, wace kasuwa wace rana, na sari ne ko na kamfanin casa, kada ya zama ku ke ajiya ku ke yanka farashi. Da duk kuɗin da za ku cire, na sito, na feshi, na dubawa, ladanku, a jera su da naira.

Na tara hanyar karɓar kaya. Mai tokin in ya ce a ba shi shinkafarsa, tokin nawa ne mafi ƙaranci, kwana nawa zai jira, a wane sito, wa zai biya lodi, in kuɗi yake so wa zai saya kuma a wane farashi, kuma a wane hali ne za ku iya dakatar da fitar kaya. Ko PAXG sai kana da tokin 430 kake iya neman sandar zinari sukutum, tunda sandar Landan kusan oza 400 ce, sun kuma faɗi haka a fili don kada mai rabin tokin ya zaci zai je ya karɓo gutsure. Ku gwada hanyar taku da kanku kafin ku buɗe ma jama'a, mutum ɗaya ya ƙona tokin ya zo da mota ya ɗauki kaya ku ga inda za a sarƙe.

Abin da ya rage shi ne lokaci da harshe. Ku sa ranar fitar da rahoto ku riƙe ta, dokar da Amurka ta yi a Yulin 2025 kan tokin masu bin dala wata-wata ta wajabta a bayyana abin da ke ajiye, ga hatsi ma wata-wata ya dace, tsofaffin rahotanni kuma su zauna a shafi kada a sauke su. In wani abu ya faru, rufi ya yi yoyo, ƙwari sunka shiga tari, mai sito ya sauya, ku faɗa a ranar ku dakatar da sayar da sabon tokin har a sake ƙirga, kada ku jira ƙarshen wata, don duk wanda ya saya tsakanin faruwar abin da sanarwarku kun zalunce shi. Kuma don Allah kada rahoto ya tsaya a Turanci shafi 40. A yi shafi ɗaya da Hausa, a yi saƙon murya a WhatsApp don iyayenmu mata masu adashe da ba sa karatun boko, in akwai masu saye daga Zuru ko Kamba ko rugage a samu mai faɗa musu da harshensu.

Yaran dai sun jinkirta bugawa. Sun samu lauya a nan Birnin Kebbi yana duba musu maganar amintacce da takardun SEC, sun kuma sa an rushe tarin farko da sunka saya da kuɗin aljihunsu an sake jerawa a kan katako da hanya ta gefe huɗu. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za mu Argungu da sikeli da na'urar laima da tsani, na ce ma ɗan yayata ya bar laftof a mota shi zai fara hawa.